Akori-kurar Baba: wa ya taɓa sauke tsohuwar mota ƙasa a gida?

Ɗan Kakuri

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da Peugeot 504 akori-kura, haɗin Kaduna, wadda marigayi mahaifinmu ya bari. Shekararta 6 a ajiye a bayan gida, tayoyi sun zauna, awaki sun mai da ƙarƙashinta wurin shan inuwa. Bana na jawo ta rumfar tsakar gida, ina taɓawa duk Asabar da Lahadi. Inji ya tashi, alhamdu lillahi. Tsayuwarta ce ba ta yi mini ba: baya a sama, goshi a ƙasa, kamar kaza na tsintar tsaba. Da na leƙa sifirin ɗin baya sai na ga wasu fallayen ko faɗinsu bai zo ɗaya da sauran ba, ka san ƙari aka yi. Ni ba lodi zan yi ba. So nake ta kwanta daidai, ta ɗan yi ƙasa, in riƙa fita da ita ranar Juma'a. Ga kuma tsatsa, babu notin da ya yarda ya motsa. Don Allah wanda ya taɓa irin wannan aikin a gida ya gaya mana yadda ta kaya da shi.

Tsohon Direba

Wa alaikumus salam ɗana, Allah ya jiƙan mahaifinka. Fallayen nan da kake harara mu ne muka sa su, kuma ba hauka muke ba. Na ja 404, na ja 504, tsakanin Saminaka da Kaduna. Bature ya yi motar don kayan tan ɗaya da 'yan kai, mu kuwa buhu 18 na masara muke ɗora mata, ga 'yan kasuwa zaune a saman kaya. In ba ka ƙara falle ba, kafin ka kai Pambeguwa taya ta fara gugar bodi.

Da na bar lodi na cire uku-uku a kowane gefe, motar ta yi laushi, ƙugu ya huta. Amma ka kiyaye abu biyu. Uwar sifirin, wato dogon na sama mai ido biyu, da wanda ke bi mata, kada ka taɓa su. Sannan kada ka kwance notin tsakiya sai ka matse fallayen da maɗauri tukuna, don a danne suke, ƙarfi ne a cikinsu. Yaron motata ya kwance haka nan ina can ina alwala, falle ya yi tsalle ya same shi a ƙauri, wata guda yana ɗingishi. Kuma in ka ɗaga mota da jak, kada ka tokare ta da bulon siminti. Ba ya gargaɗi, rugujewa kawai yake yi. Ka nemi kututturen icce ko jakin ƙarfe.

Mai Walda Ƙofar Ruwa

Baba Direba ya gama magana a kan sifirin. Ni tambayata ɗaya: me motar take ɗauka a da? In takin zamani ne ko gishiri ko kanwa, ajiye sifana ka ɗauki guduma. Na yi aikin nan a Datsun ɗin yayana a ƙofar gida. Daga waje lafiya lau, don motar Kano ba ta ruɓewa irin ta Legas. Ashe takin da ke zuba ta ƙasan bodi ya taru a inda kunnen sifirin ke manne da shasi, damina ta jiƙa shi, shekara da shekaru yana ci. Na ƙwanƙwasa wurin, maimakon ya ce ƙal sai ya ce dub. Na danna sukundireba, ta shige har mariƙi. Da mun sauke motar a haka, ramin farko kunnen zai tsinke.

Noti kuwa, ka goge da burushin waya, ka haɗa man birki da kananzir ka riƙa ɗiga masa safe da yamma kwana uku. Ka dai kula da fenti, man birki na cinye shi. Wanda ya ƙi, a gasa shi da wuta har ya yi ja, amma sai an sauke tankin mai, ko da kana ganin babu komai a ciki. Tsofaffin yu-bol ɗin nan da suka rungume aksul, kar ka wahalar da kanka, sa giranda ka yanke. Dole ma ka sayi sababbi gajeru, don in fallaye suka ragu, zaren tsohon yana ƙarewa kafin noti ya kama. Masu cusa zoben washa biyar-biyar don cike gurbin, Allah ya shirye su.

Baban Ilham

Ni son gayu ne ya ja mini. Tawa tsohuwar Hilux ce marar giyar daji, wato tayoyin baya kaɗai ke ja. Gabanta ba sifirin mai naɗi ba ne, dogon ƙarfe ne mai murɗewa, ana sassauta notinsa mota ta sauka. A baya kuma aksul na saman sifirin, sai na sa aka yanko mini tubalin ƙarfe inci 3 na sa a tsakani. Wuni ɗaya na gama, na yi ta ɗaukar hoto.

Sati bai zagayo ba na hau tudun rage gudu da mutanen unguwa suka yi da kansu, ka san irin wanda ba a auna shi da komai. Kaskon man inji ya fashe, baƙin mai ya bi ni har gida. Na biyun ya fi ba ni tsoro. Akwai wani ɗan bawul a baya da ke auna nauyin kaya ta yadda bodi ya kusanci aksul. Da na sauke motar sai ya ɗauka lodi ne, yana tura wa tayoyin baya birki da ƙarfi. Ranar da aka yi yayyafi na taka birki, bayan motar ya nemi ya riga gaba wucewa. Sai da bakanike ya saita sandar bawul ɗin. Ka duba ko taka na da irinsa. Yanzu inci ɗaya da rabi na bari.

Bamaraɗe a Ohayo

Sannunku da aiki. A nan Amurka wannan sana'a ce guda, kayan sauke mota a kwali ake sayar da su. Na sayi Chevrolet C10 ta 1984 da arha, don gishirin da ake watsawa a titi lokacin ƙanƙara ya cinye ƙasan ƙofofi da kusurwar gidan direba. Hunturu biyu na yi a gareji, yatsu na ƙagewa.

Ita aksul ɗinta a ƙarƙashin sifirin yake. In ka mai da shi sama, baya na sauka wajen inci 6 a take. Sai dai aksul zai riƙa dukan shasi, dole ka yanke shasin ka yi masa baka, ka ɗaure wurin da ƙarfe mai kauri. Da na zo yankan sai na tarar gefe ɗaya ya yi sirantar gwangwani, na koma faci kafin komai. Bayan na gama, in na kai wani gudu sai kujera ta kama rawa. Ashe kusurwar farfela ce, wato dogon ƙarfen da ke juya tayoyin baya, ta canza, sai da na sa wani siririn ƙarfe mai tudu a gefe ɗaya tsakanin aksul da sifirin. Shakazoba ma sai gajeru, dogayen suna ƙurewa.

Abu ɗaya da na ga ana yi har a nan, kar ka yi: gasa sifirin ɗin gaba da wuta don ya zauna. Ƙarfen mutuwa yake yi, ya ci gaba da zama yadda ya ga dama, wata rana ya karye. Inci 6 kuwa, ko kyauta aka ce a yi mini a hanyar ƙauyenmu, na gode.

Maman Walid

Ku dai maza Allah ya ba ku haƙuri, mu ma ya ba mu. Maigidana ya ce aikin sati biyu ne. Shekara uku motar nan tana kan kututture a tsakar gida, ba ta da ƙafa ko ɗaya. Kazata ta yi ƙyanƙyasa sau huɗu a wurin taka birki, igiyar shanyata ma a madubinta nake ɗaurewa. Ɗan Kakuri, ka riƙa zuba notin kowane gefe a gwangwaninsa daban, ka ɗaga sama. Namu yara sun yi wasan 'yar carafke da su, har yau ana neman biyu.

Ɗan Kakuri

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Maman Walid, uwargida ta karanta naki, tun jiya take mini dariya.

Ga inda aka kwana. Mai Walda, ka canka: Baba ya yi shekaru yana jigilar taki. Kunnen hagu ya ruɓe, na kira mai walda gida ya yanke ya sa sabon ƙarfe. Na cire falle uku-uku, duk na ƙari, na sa sababbin yu-bol. Na auna daga ƙasa zuwa bakin bodi, ta sauka santimita 7, ta yi daidai da gaba, don haka gaban ban taɓa shi ba. Hajiyarmu ta fito ta tsaya ta daɗe tana kallo, ta ce haka take ranar da Baba ya kawo ta gida.

Saura matsala ɗaya. Hagu ya fi dama yin ƙasa da kamar yatsa biyu. In musanya su ne, na hagu ya koma dama?

Tsohon Direba

In ka musanya, karkatar ce kawai za ta koma ɗaya gefen. Kwance duka biyun ka kai kasuwar Panteka, a buga musu baka a kan guntun ƙarfen layin dogo, a jera su a ƙasa a ga sun zo ɗaya. Da sanyinsu za a buga, kar ka yarda a sa musu wuta. Fallaye shidan da ka cire kuma kar ka bai wa 'yan gwangwan a kilo. Kai wa maƙeri, adda da wuƙar fawa ake yi da su. Ka ce ya yi wa Hajiya guda.