Jelatin na narkewa daga takardata, ku taimaka mini

Assalamu alaikum 'yan uwa masu aikin hoto. Daga Maradi nake, kuma wata biyu ke nan ina fama da buga hoto da ƙaro, wato wanda ake haɗa ƙaro da launi da dikromat (sinadarin da ke sa ƙaron ya taurare idan haske ya taɓa shi), a shafa a takarda a shanya a rana.

Na fara jiƙa takardar a ruwan zafi don ta gama tsukewa. Sai na jiƙa jelatin (wanda ake fara shafa wa takarda don kada launi ya shige ta) giram 30 a ruwan sanyi lita 1, na ɗumama shi har ya narke, na shafa da buroshi sau biyu. Matsalar tana wajen taurara shi. Cikin sinadaran da ake taurara shi da su, ban samu giliyoksal ba, fomalin kuwa ina tsoronsa, don ɗakin da nake aiki ƙarami ne kuma yara na shiga. Shi ya sa na sayo alam ɗin da ake tace ruwa da shi a babbar kasuwa. Shafin ƙaro na farko yana fita fes. Da na sa na biyu na wanke, sai jelatin ya yi santsi ya ɗago, launin ya kama wuraren da ya kamata su zauna fari. Takarda takwas na ɓata, ga ta da tsada, daga Yamai ake kawo mini.

Ina zargin zafin bazara, don ruwan tankinmu da rana har ƙuna yake. Shin alam ɗin ne bai isa ba, ko ruwan? Giram nawa na alam kuke zubawa, kuma kwana nawa kuke barin takardar kafin ku shafa ƙaro?