Injin ƙyanƙyasa na gida: yaya zan daidaita zafin?

Mai kaji, Aboabo:
Salamu alaikum 'yan'uwa. Na gyara tsohon firij na mai da shi injin ƙyanƙyasa, na sa ƙwan lantarki mai wat 60 guda ɗaya a sama da kwanon ruwa a ƙasa. Ƙwai 40 na zuba, 'yan tsaki 9 kaɗai suka fito a kwana na 21. Da na fasa sauran, wallahi sai da jikina ya yi sanyi, wasu har gashi sun yi, sun mutu a cikin ɓawo. Sau biyu aka ɗauke wuta da dare. Wata rana kuma na dawo daga kasuwar Kejetia a Kumasi da la'asar na tarar ma'aunin zafi ya kai digiri 41. Wanne ne ya kashe su?

Mai gyaran wuta, Asawase:
Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ni 41 ɗin nan nake zargi. Ƙwai yana jure sanyi na 'yan awoyi, kaza ma ai tana tashi ta je kiwo ta dawo. Zafi ne ba ya jurewa. Abin da ake so 37.5, kuma ido ba zai iya gadinsa ba, sai na'urar da ke kunnawa da kashewa da kanta. Nemi W1209, ƙarama ce, da batir ɗin mota take aiki. Ka rataye bakin wayarta mai auna zafi daidai tsayin ƙwai, kada ya taɓa bango.

Ka cire ƙwan lantarkin nan na sama. Je Suame Magazine, inda ake sayar da kayan mota, ka sayi ƙwan birki na mota guda biyu masu wat 21, in ɗaya ya ƙone cikin dare ɗayan ya riƙe. Ka haɗa da fankar tsohuwar kwamfuta, ita kada ta tsaya ko da fitilar ta mutu, don ba fanka sama zafi ƙasa sanyi. Duka a kan batir, caja na jone, ko an ɗauke wuta ba ruwanka. LED kuwa haske ne kawai, kada ka ɓata kuɗinka.

Hajiya mai zabi, Sawaba:
Ɗana, a wane wata ka zuba? In cikin hunturu ne, har da bushewa. Fatar cikin ɓawo takan manne wa ɗan tsako ya kasa juyawa. Ni daga kwana na 18 nake daina juya ƙwan kaji, in ƙara kwano na biyu da soso a ciki, ba na sake buɗe ƙofa sai sun fito. Kafin in samu batir, galan na ruwan zafi nake naɗewa da tawul in sa a ƙasa, in lulluɓe firij ɗin da bargo, amma ban taɓa toshe ramukan iska ba.

Mai kaji, Aboabo:
Hajiya, a Janairu ne, kuma yarana kullum sai sun buɗe sun leƙa. Allah ya saka da alheri. Malam, zan kunna shi kwana biyu babu ƙwai in ga yadda zafin zai tsaya. Batir mai girman nawa zan nema?