Greenockite: da wane suna za mu kira shi da Hausa?

Jama'a, ina neman sunan wani ma'adini da ba kasafai ake samunsa ba. Haɗin wani ƙarfe ne mai suna kadmiyam da farar wuta, launinsa ruwan ɗorawa. Galibi ba a ganinsa dunƙule, sai dai kamar hoda da aka barbaɗa a jikin duwatsun da ake ciro tutiya daga cikinsu.

Tun kafin mu yi nisa, a cire "koren dutse". Na ga wani ya rubuta haka don ya hango kalmar kore ta Turanci a farkon sunan. Babu ruwan sunan da launi. An sa masa shi ne don girmama wani basaraken Birtaniya, Lord Greenock, bayan an gano shi a 1840 a Bishopton ta ƙasar Sikotilan, lokacin da ake fasa dutse don hanyar jirgin ƙasa.

Wani malami ya kawo "rawayar tutiya". Malam, sunan ya yi daɗin faɗa, amma zai ɓatar da ɗalibi. Tutiya maƙwabciya ce kawai, mai gidan kadmiyam ne, wanda ya kai kusan kashi 78 cikin 100 na nauyin ma'adinin. Wannan maƙwabtaka ce ma ta sa aka daɗe ba a san kadmiyam ba, sai a 1817 da masanin sinadarai Friedrich Stromeyer ya tsamo shi a Jamus daga cikin wani haɗin tutiya da ya ƙi zama fari.

"Rawayar kadmiyam" kuma gara a bar wa fentin masu zane, wanda ake haɗawa da wannan sinadarin. Dama can rawaya sunan abin rini ne.

Ni dai na fi karkata ga "ɗorawar kadmiyam", domin ta kama launin, ta kuma kama yadda yake kwanciya kamar gari. Na san tana da aibi biyu. Kadmiyam guba ne, yana lalata ƙoda da ƙashi, kuma laƙaba wa guba sunan abin da ake sha abin dubawa ne. Sannan akwai hawleyite, ɗan'uwansa: sinadari ɗaya, launi ɗaya, tsarin ƙwayoyinsu ne kawai ya bambanta. Sunan zai hau kansu duka biyun.

Saboda haka a littafin kimiyya a rubuta "girinokayit", a wajen bayani a ce ɗorawar kadmiyam. Mai wadda ta fi wannan ya kawo.