Ciwon lupus da motsa jiki: in yi tafiya ko in huta?

Maman Nafisa, unguwar Zariya, Maradi: Assalamu alaikum ƴan uwa. Shekarata 34, shekara 3 ke nan da aka tabbatar mini da ciwon lupus. Ina shan Plaquenil da prednisone miligiram 10 kullum. Na ƙara kilo 8, awon hawan jinina na ƙarshe 14/9 (wato 140/90). Likita ya ce in riƙa motsa jiki saboda hanyoyin jinina, amma kuma ya hana ni shiga rana, ga gajiya, ga ciwon gaɓoɓi. A gida kowa cewa yake in kwanta in huta. Ta ina zan fara?

Dakta Salisu: Wa alaikumus salam Maman Nafisa, Allah ya ƙara sauƙi. Maganar likitanki tana kan hanya. A lupus garkuwar jiki ce ke juyowa kan mai ita, kumburin da take haddasawa kuma ba a fata da gaɓoɓi yake tsayawa ba, yana cin bangon hanyoyin jini ta ciki. Kitse ya samu wurin maƙalewa, jijiyar ta yi tauri tun mace tana da ƙuruciyarta. Wani bincike da aka yi a Amurka a 1997 ya gano cewa mata masu lupus ƴan shekara 35 zuwa 44 sun fi takwarorinsu haɗarin toshewar jijiyar zuciya ninki 50 da ɗoriya. Prednisone yana kwantar da kumburin, amma yana ɗaga hawan jini da sukari da kitsen jini, shi ne kuma ya kawo miki ƙibar nan.

Tafiya tana rage duka waɗannan, kuma an tabbatar tana rage gajiyar lupus ba tare da ta tayar da ciwon ba idan yana kwance. Abin da ake nema awonki ya sauko ƙasa da 13/8. Ki nemi a duba furotin a fitsarinki, don sau da yawa ƙoda ce ke bayan hawan jinin mai lupus. Ki kuma tambaya ko an taɓa yi miki gwajin antifosfolifid, mai nuna haɗarin daskarewar jini. Prednisone kuwa kar ki kuskura ki yanke shi da kanki. Likita ne zai rage shi sannu a hankali, da fatan ya kai miligiram 5 ko ƙasa.

Anti Rabi, mai gashin ƙashi: Ƙanwata, maganar rana ba ta hana tafiya, lokaci kawai za ki zaɓa. Ki fita bayan sallar asuba ki dawo kafin ƙarfe 8, ko ki bari sai dab da magariba. Daga 10 na safe zuwa 4 na yamma ki zauna inuwa, musamman a Afrilu da Mayu da zafin Maradi ke haura digiri 40. Hijabi mai kauri ya fi shara-shara tare rana, fuska da bayan hannu kuma a shafa man kariya mai lamba 50.

Makon farko minti 10, kwana 3. Kowane mako ki ƙara minti 5 har ki kai minti 30, kwana 5, wato minti 150 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade. Ma'aunin saurin: kina iya magana amma ba ki iya rera waƙa. Ki bar silifa, ki sa takalmi mai rufi, ki nemi ƙasa mai tauri, don yashi mai zurfi yana wahalar da gwiwa da idon sawu. Sau 2 a mako ki tashi ki zauna a kujera sau 10, ki ɗaga robar ruwa ta rabin lita a kowane hannu sau 10, domin prednisone yana cinye naman cinya da ƙarfin ƙashi.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne ranar da jiki ya yi daɗi a yi awa guda, washegari a kasa tashi, daga nan a watsar. Idan ciwon gaɓa ya wuce awa 2 bayan kin dawo, kin zarce. Gobe ki rage rabi.

Maman Nafisa: Na gode ƙwarai. To Anti, shara da wanki da girkin da nake yi ba su wadatar ba?

Anti Rabi: Suna da amfani, amma tsaye-tsaye ne, ba sa sa zuciya ta jera minti 10 tana aiki. Ranar da fita ta gagara, ki zaga tsakar gida ta gefen inuwa.

Malam Isufu, ma'aikacin jinya: Hajiya, ga inda ake tsayawa cak. Ciwon ƙirji, numfashi sama-sama, ko kumburin sha-raɓa ɗaya mai zafi: a tafi asibiti a lokacin, ba a jira gobe. Zazzaɓi ko gaɓa mai kumburi da zafi: a ajiye tafiya, a yi gwajin maleriya, a ga likita. Ciwon matsematsi da ke ƙaruwa in an taka shi ma sai an ɗauki hoton ƙugu, don prednisone yakan kashe kan ƙashin wurin.

Ina roƙonki kar ki sayi diclofenac ko ibuprofen wurin masu tallar magani don ki samu ki yi tafiya. Suna ɗaga jini, suna lalata ƙoda. Gishiri kar ya wuce giram 5 a yini, kusan ƙaramin cokali guda, kuma dunƙulen magi yana cikin lissafin. Plaquenil ki riƙe shi kullum, yana kare hanyoyin jini, sai dai a riƙa duba miki ido. Ki samu ɗan littafi ki rubuta awon jininki sau 2 a mako da mintocin da kika yi, ki tafi da shi ranar ganin likita.