Musayar Waƙa a kan Lenny Henry, Ɗan Dudley

Kawu Mai Alƙalami ya buɗe fage:

Da sunan Allah, ga baitina, 'yan uwa,
Kan Lenny Henry, gwanin ban dariya.
A Dudley aka haife shi, 1958,
Iyaye 'yan Jamaika, baƙi a Birtaniya.
Yana ɗan shekara 16 ya hau gasar talabijin ta New Faces,
Da kwaikwayon muryoyi ya buɗe hanya.
A 1985 shi da Richard Curtis
Suka kafa Comic Relief don masu shan wuya.
Jan hancin roba a fuskar yaro da babba,
Kuɗi na taruwa ana ta dariya.

Autan Zaure ya amsa:

Kawu, na rusuna, Allah ya ja kwana,
Amma ka tsallake wurin da ke ban kunya.
Black and White Minstrel, ka manta da ita?
Turawa da baƙin fenti suna mana tsiya,
Su zagaye leɓe da fari, su yi ta rawa,
Shi kuma yana cikinsu, baƙi shi ɗaya.
Shekaru ya yi yana yawo da su,
Wannan abu har yau yana ci min zuciya.

Goggon Yara ta shigo:

Auta, zauna, ban ce ka yi ƙarya ba,
Shi ma da bakinsa ya yi nadamar tafiya.
Amma yaro ne, manya suka ƙulla kwangila,
Wa ya san dawan garin yana cikin ƙuruciya?
Ka dubi 2009, a dandalin Leeds,
Ya fito a Othello na Shakespeare, ba wasa, ba dariya.
Rawar da Bature Olivier ya sha fenti ya taka,
Shi da fatarsa ya taka ta, ta gaskiya.
Ya koma karatu da furfura a kai,
Digirin dakta, 2018, bai gajiya.
Lambar Sir kuwa tun 2015,
Ta zo masa a zamanin Sarauniya.

Autan Zaure ya dawo:

Goggo, na ji, batun Othello ya shige ni,
Ko da tabon bai goge ba gaba ɗaya.
Na tuna 2014 ya tsaya gaban BAFTA, cibiyar fim da talabijin,
Ya ce baƙaƙe a talabijin sun ja baya.

Kawu ya ƙara:

Ku nemi shirin talabijin Three Little Birds na 2023,
Daga labarin uwarsa Winifred ya ɗebo,
Yadda ta bar Jamaika ta haye teku zuwa Birtaniya.