Yaya zan yi jawabi manoma su saurare ni har ƙarshe?

Malamin Gona, Dukku

Assalamu alaikum. Ni malamin gona ne a yankin Dukku ta Jihar Gombe, kuma mafi yawan aikina shi ne tara manoma a ƙofar gidan dagaci ko a harabar makarantar firamare, in yi musu bayani a kan irin shuka, da zuba takin zamani, da adana amfanin gona bayan girbi. Abin da nake faɗa na san shi sarai, domin shi na karanta kuma shi nake yi a tawa gonar, amma da zarar magana ta yi nisa sai in ga hankalin jama'a ya watse: wasu sun shiga hira ƙasa-ƙasa, matasa sun koma kan wayoyinsu, dattawa kuma sun fara gyangyaɗi. Ga shi kuma duk lokacin da na miƙe tsaye muryata takan yi rawa, maƙogwarona ya bushe.

Abin yana damuna ƙwarai, saboda idan ba a ji bayanin ba, waken da mutum ya sha wahalar nomawa ƙwari ne za su cinye shi a ɗaki, ko kuma ya zuba masa maganin feshi wanda zai cutar da iyalinsa. Girbin wake ya matso, kuma zan zagaya ƙauyuka in yi bayanin buhun PICS, wato buhun adana amfanin gona mai ledoji biyu a ciki da ke hana iska shiga. Ina roƙon waɗanda suka saba tsayawa gaban jama'a su nuna mini yadda ake riƙe hankalin mutane daga farko har ƙarshe.

Tsohon Hedimasta, Bauchi

Wa alaikumus salam. Ɗana, Allah ya yi wa aikinka albarka. Kafin komai, ka cire wa ranka cewa iya magana baiwa ce da ake haihuwar mutum da ita kawai. A garin nan namu an yi mutumin da duniya ta yi wa laƙabi da mai muryar zinare, wato marigayi Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya yi jawabin samun 'yancin kai a Legas ranar 1 ga Oktoba 1960, ya tsaya gaban Majalisar Ɗinkin Duniya ranar 7 ga wannan watan, sannan ya yi wa majalisar dokokin Amurka jawabi a watan Yuli 1961. Mutane suna tuna muryar, suna mantawa da cewa kafin siyasa malamin makaranta ne, ya yi shekaru yana tsayawa gaban yara a Makarantar Midil ta Bauchi har ya zama shugabanta. Haka kuma a 1943 aka kafa Majalisar Taɗi ta Bauchi, inda shi da Malam Sa'adu Zungur da Malam Aminu Kano da sauran ma'aikata suke haɗuwa su kawo batu su yi muhawara a kansa. Aji da wannan zaure su ne suka goge harshen waɗannan mutane. Jawabansa suna nan a intanet. Ka saurari guda ɗaya, ka lura da yadda ba ya gaggawa, da yadda yake barin jimla ta sauka kafin ya ɗauko wata.

Amma ni a ganina matsalarka ba daga murya ta faro ba. Daga yadda ka lissafa aikinka, iri da taki da adanawa, ina kyautata zaton kana ɗora wa taro ɗaya abin da ya kamata a raba wa taro uku. Wanda ya yi karatu yakan ji kamar ya ci amanar iliminsa idan bai zazzage shi duka ba, alhali manomin da ke zaune a kan tabarma abu ɗaya ko biyu zai iya ɗauka ya kai gida. Don haka kafin ka fita, ka tambayi kanka: idan mutumin nan ya koma gida, uwargidansa ta ce masa "Me malamin gona ya ce?", wace jimla ɗaya nake so ya faɗa mata? A batun wake jimlar tana iya zama cewa idan iska ba ta shiga buhu, ƙwari za su mutu ba tare da an zuba magani ba. Duk abin da bai taimaka wa wannan jimla ba, ka ajiye shi sai wani zuwan, komai daɗinsa a bakinka.

Sa'an nan kada ka fara da sunan shiri, ko sunan ma'aikata, ko tarihin jami'ar Purdue ta Amurka da ta ƙirƙiro buhun. Ka fara da asarar da suka riga suka sani. Ka tambaye su wane ne a cikinsu ya buɗe buhun wakensa da bazara ya tarar da shi duk huji da gari, ka jira su amsa. Mutumin da ya ɗaga hannu ya yi magana ya riga ya shiga cikin jawabin, ba zai koma kan waya da wuri ba. Daga nan sai ka fito da mudu biyu na wake, ɗaya wanda ƙwari suka ci, ɗaya wanda aka adana yadda ya kamata, ka bar su su zagaya hannu-hannu. Gani ya kori ji. Buhun ma kada ka siffanta shi da baki: ka kira ɗaya daga cikinsu, zai fi kyau wanda ka ga yana musu, ya duba ledoji biyu na ciki ko akwai huji, ya zuba busasshen wake, ya matse iska, ya ɗaure kowace leda daban, sannan ya ɗaure buhun waje. Abin da hannun maƙwabcinsu ya yi a gabansu ya fi zama a zuciyarsu bisa abin da baƙo ya karanta musu.

Takarda kuwa, ka rubuta kanun magana kaɗan a ɗan ƙaramin kati, kada ka rubuta jawabin duka. Mai karantawa idonsa yana ƙasa, kuma jama'a ba sa sauraron wanda ba ya kallonsu. Gaisuwar farko ma ka rage ta; na sha ganin masu jawabi sun ƙarar da ƙarfinsu da haƙurin mutane wajen jero sunayen manyan baƙi.

Mai Gabatar da Shiri a Rediyo, Gombe

Baba Hedimasta ya gama magana a kan tsarin jawabi, ni zan tsaya a kan murya, domin da ita nake cin abinci. Malam, rawar murya da bushewar maƙogwaro ba alamar gazawa ba ne. Idan mutum ya ji idanu a kansa, jiki yakan saki sinadarin adiranalin, zuciya ta ƙara bugawa, numfashi ya gajarce ya tsaya a ƙirji, yawu ya ragu. Muryar da aka ɗora a kan gajeren numfashi dole ta yi rawa, kuma mai ita yakan yi sauri don ya gama ya huta, saurin kuma shi ne yake sa a daina fahimtarsa. Maganin yana wajen numfashi. Kafin a kira ka, ka ja iska a hankali ta hanci har cikinka ya taso, ka sake ta a hankali fiye da yadda ka ja ta, ka maimaita 'yan lokuta, ka kurɓi ruwa. Jimlolinka biyu na farko kuma ka haddace su sosai, domin tsoro ya fi ƙarfi a farkon magana, idan ka wuce nan lafiya sauran yakan zo da sauƙi.

Abu na biyu shi ne shiru. Sababbin masu magana suna tsoron shiru, sai su cike shi da "to", da "wato", da "ka gane ko". Idan ka faɗi muhimmiyar jimla, ka dakata ka ƙirga uku a zuciyarka kana kallon mutane. Sau da yawa wanda ya shagala da hira shirun ne yake sa ya ɗago kai, ba ɗaga murya ba. Kada kuma ka tafi da sauti ɗaya tun daga farko har ƙarshe. Wurin gargaɗi a kan guba ka sassauta ka yi nauyi, wurin tambaya ka ɗaga.

Ka ɗauki muryarka a waya kana bitar jawabin a ɗaki, ka saurara. Ba mai jin daɗin muryarsa a karon farko, amma babu malamin da zai nuna maka saurinka da kalmomin da kake yawan maimaitawa kamar wannan. Idan an ba ka makirufo, ka riƙe shi kamar tsawon yatsu huɗu daga bakinka, kada ka tsaya gaban lasifika domin shi ke kawo ƙarar nan mai huda kunne. Idan taron bai da yawa, ka ajiye shi gaba ɗaya ka matso kusa da mutane.

Malamin Islamiyya, Azare

Ina tare da Malam Hedimasta a kusan duk abin da ya faɗa, Allah ya ƙara masa lafiya, sai dai a batun gaisuwa ina da ɗan ja. A ƙauye idan ka tsallake dagaci da liman da masu unguwanni ka faɗa cikin magana, ka rasa dattawa tun kafin ka fara, kuma idan dattijo ya juya fuska 'ya'yansa ba za su sayi buhun ba. Abin da ya dace shi ne a yi gaisuwar cikakkiya amma a taƙaice, a ambaci kowa da sarautarsa sau ɗaya, a nemi izini, a wuce. Tun da Dukku kake, ka tuna da yawa daga masu sauraronka Fulfulde ne harshen gidansu. Ko ba ka iya ba, ka koyi gaisuwa da ita, kuma inda ake bukatar tafinta ka yi magana gaɓa-gaɓa kana ba shi fili, kamar yadda mai jan baƙi da mai fassara suke karɓa-karɓa a wajen tafsiri.

Ɗan'uwa, abin da kake nema yana cikin sunna. Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, ta ce Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ba ya zuba magana da sauri, yana yin ta yadda mai son ƙirga kalmominsa zai iya ƙirgawa. Anas kuma ya ruwaito cewa yakan maimaita magana sau uku domin a fahimce ta. A hadisin Ammar da Muslim ya fitar, an nuna cewa tsawaita salla da gajarta huɗuba alama ce ta fahimtar mutum. Abdullahi ɗan Mas'ud yakan yi wa mutane wa'azi ranar Alhamis kawai, da aka roƙe shi ya riƙa yi kullum sai ya ce yana ƙin ya gundure su. Idan an ji tsoron gundurar da sahabbai da tabi'ai a kan maganar lahira, ina ga manomin da ya wuni a rana? Ka zaɓi lokaci: bayan La'asar ya fi tsakar rana, kuma ka guji ranar kasuwar garin. Kafin ka miƙe ka karanta addu'ar Annabi Musa da ke cikin Suratu Ɗaha, aya ta 25 zuwa ta 28, inda ya roƙi Allah ya buɗa masa ƙirjinsa, ya sauƙaƙe masa al'amarinsa, ya warware ƙullin harshensa domin a fahimci maganarsa.

Malamin Gona, Dukku

Na gode, Allah ya saka muku da alheri. Akwai abu ɗaya da ya rage. Kusan a kowane taro ana samun wanda zai miƙe da zafi ya ce takin zamani ya yi tsada, ko ya tambayi ina tallafin da aka yi musu alkawari, sai taron ya rikice, batun da na zo da shi ya bi ruwa. Yaya ake yi da irin wannan?

Shugabar Ƙungiyar Mata Manoma, Kumo

Ƙanena, ni ba mai jawabi ba ce, ina cikin waɗanda ake tarawa a yi wa jawabi, don haka daga kan tabarma zan ba ka amsa. Mutumin da ya miƙe da maganar tsadar taki ba rikici ya zo yi ba. Abin da ke zuciyar kowa a wurin ya faɗa, kuma jama'a suna kallon yadda za ka yi da shi domin su san ko kai nasu ne ko kuwa baƙo ne mai cika takarda ya koma ofis. Idan ka katse shi, ko ka ce ba wannan ya tara mu ba, to ka rasa su duka. Ka bar shi ya kai aya, ka maimaita ƙorafinsa da bakinka yadda zai tabbatar ka ji, ka faɗa masa gaskiya cewa rabon tallafi ba a hannunka yake ba amma za ka kai maganar inda ta dace, kuma kada ka yi alkawarin da ba za ka iya cikawa ba, domin mu ba ma mantawa. Daga nan sai ka ɗaure maganarsa da taka: tun da taki ya yi tsada haka, waken da aka samu da shi bai kamata a bar wa ƙwari ba, kuma wanda ya iya ajiye wakensa har farashi ya tashi, maimakon ya sayar da kaka lokacin da kasuwa ta cika, shi ne zai sami kuɗin takin baɗi.

Ina kuma roƙonka ka daina ce mana hekta da kilo da kashi kaza cikin ɗari. Ka yi mana lissafi da mudu da tiya da buhu da naira, ka ce buhun nan kuɗinsa kwatankwacin mudu kaza na wake ne, sai kowa ya auna da kansa. Turancin da kuke cusawa a tsakiyar Hausa ma yana sa tsofaffinmu su ji ba da su ake ba.

A gidaje da yawa mata ne suke sussuka da sheƙa da shanya wake, amma a taron ƙofar dagaci ba a ganinsu, ko kuma suna can nesa ba sa ji. Ka nemi izinin dagaci da mazajensu a shirya musu zama dabam a cikin gida, ka tafi da abokiyar aikinka mace idan akwai, ka kai musu buhun su ɗaure da hannunsu. A gaban maza ba za su yi tambaya ba, amma a nasu zaman za su tambaye ka ko za a iya sake amfani da buhun baɗi, da yadda za a kare shi daga ɓera, don haka ka je da amsoshin nan a shirye.