Daga wace rana ake cewa mulki ya zama kama-karya?

Assalamu alaikum jama'a. Don Allah masana tarihi ku kawo mini ɗauki, wani aikin gida ya tsaya mini a wuya.

Malaminmu ya ce kowa ya zaɓi mulkin kama-karya ɗaya, ya nuna abin da ya mai da shi haka, sannan ya bayyana muhimmancinsa a tarihi. Na ɗauki Jamus ta zamanin Hitler.

Littafinmu ya ce ɗan kama-karya shi ne wanda ya ƙwace mulki da ƙarfin tsiya. To amma Hitler bai hau ta juyin mulki ba. Wanda ya gwada a Munich a 1923 ya ci tura, har gidan yari ya shiga. Shugaban ƙasa Hindenburg ne ya naɗa shi shugaban gwamnati ranar 30 ga Janairu 1933. A watan Maris kuma majalisa da kanta ta ba gwamnatinsa ikon kafa doka ba tare da ita ba, ko da yake an hana 'yan gurguzu zama ranar, wanda a ganina ya ɓata ƙuri'ar. To ina zan ja layin? A nan, ko a Yuli da aka haramta sauran jam'iyyu, ko 1934 da Hindenburg ya rasu Hitler ya haɗe kujerun shugaban ƙasa da shugaban gwamnati?

Batun muhimmanci ma ya ɗaure mini kai. Na kawo yaƙin duniya na biyu da kisan Yahudawa miliyan 6, sai malam ya zagaye sakin layin da jan biro, wai abin da ya faru kawai na lissafo. Me ake so in ƙara? Ranar Litinin za mu miƙa.